Geron tsuntsaye da ciwon koda ko mafitsara: tambayoyin da mutane suka fi yi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga masu fama da zafin fitsari, ciwon kwibi, tsakuwar koda da makamantansu, musamman wadanda aka ce musu su nemi geron tsuntsaye su dafa. Kowace amsa za a iya karanta ta ita kadai, amma inda wata ta shafi wata an nuna.

Wai wace ciyawa ce geron tsuntsayen nan, ya zan gane ta?

'Yar karamar ciyawa ce da take fitowa da damina a lambu, bayan gida, gefen gona da duk inda kasa ke da lema, tsayinta da kyar yake wuce gwiwa, yawanci ma bai kai ba. Ganyenta kanana ne a jere hagu da dama kamar na tsamiya, in ka juya reshen za ka ga wasu 'yan kwayoyi kore kanana sun jeru a karkashi, wadannan 'ya'yanta ne kuma da su ake gane ta. Da yamma ganyen yakan rufe. Tana da daci sosai in ka tauna. A littattafan kimiyya sunanta Phyllanthus amarus, tana da 'yar uwa ta kusa Phyllanthus niruri wadda ko masana sukan rikita su, Yarabawa suna ce mata eyin olobe, a Barazil da Peru kuma an dade ana shanta don tsakuwar koda, a Indiya an fi saninta da maganin hanta da shawara.

Sunan ciyawa yana canzawa daga gari zuwa gari, abin da ake kira da wannan suna a wani kauye zai iya zama wata ciyawar daban, don haka in za ka saya a kasuwa ka nemi wadda ba a daka ba, ka ga ganyen da kwayoyin da idonka. Gari a leda ba ka da hanyar sanin me ke ciki. Kuma dan Allah kar a tsinko wadda ta fito a bakin kwata ko bola ko gonar da aka yi wa feshi.

Da gaske tana fasa tsakuwar koda?

Fasawa irin wadda masu talla suke fada da lasifika, a'a. Abin da aka gani a dakin gwaji shi ne ruwanta yana rage yadda kananan kwayoyin gishirin da ke zama tsakuwa suke haduwa su dunkule, kuma akwai alamar tana dan sassauta bututun da fitsari ke bi daga koda zuwa mafitsara. A kan mutane kuma gwajin da aka yi kanana ne. A Italiya a 2006 an bi mutum 150 da aka fasa musu tsakuwa da na'ura, aka ba wani kaso maganin 'yar uwarta Phyllanthus niruri na akalla wata uku, sai aka ga wadanda tsakuwarsu ke can kasan koda sun fi saurin rabuwa da burbushin. A Barazil a 2018 an ba mutum 56 masu tsakuwa kasa da milimita 10 shayin ita niruri din na sati 12, yawan tsakuwar ya ragu, sai dai babu wani rukuni da aka hana shayin don a kwatanta, kuma mai shan shayi kofi-kofi kullum ai ruwa yake karawa jikinsa, ruwan kadai ma yana fitar da kananan tsakuwa.

Toh a ganina ga matsayinta: mai taimako ce ga mai 'yar karamar tsakuwa wanda aka riga aka yi masa hoto aka san girmanta, kodarsa kuma lafiya lau. Ba ta narkar da babban dutse, ba ta kashe kwayar cuta a mafitsara, ba ta tayar da kodar da ta gaza. Wadannan ukun duk mutane suna hada su a ce "ciwon koda", alhali kowanne hanyarsa daban, shi yasa tambayar da ke biye ta fi wannan muhimmanci.

Bayana da kwankwasona suna ciwo, an ce koda ce, in fara sha?

Yawancin ciwon baya ba koda ba ce wallahi. Wanda ya wuni a kan babur ko keke napep, ko ya sha noma, ko mace mai daka da wanki a sunkuye, ciwonsa na tsoka da kashi ne, in ya motsa ko ya sunkuya yana karuwa, in ya kwanta ya lafa. Ciwon tsakuwa ba haka yake ba, yana zuwa ne farat daya a kwibi daya, can kasan hakarkari ta baya, ya murda ya gangaro mara har matsematsi, ga namiji har 'ya'yan maraina, mutum ya rasa yadda zai zauna ko ya kwanta, sau da yawa da amai da gumi. Ita kuwa kodar da take lalacewa a hankali saboda hawan jini ko suga galibi ba ta ciwo sam, sai abu ya yi nisa a ga kumburin kafa da fuska.

Abu uku ake yi a rabe: gwajin fitsari, hoton ciki wato sikanin, da gwajin jini na kiriyatinin wanda ke nuna karfin aikin koda. Ko babban asibitin karamar hukuma yawanci ana samun na farko da na biyu, kuma kudinsu gaba daya bai kai abin da wasu suke kashewa a jarkokin magani na wata biyu ba.

Ya ake dafawa, kuma nawa za a sha?

Babu wani ma'auni da hukumar lafiya ta tsayar, wannan a sani. Yadda aka saba shi ne a wanke ciyawar tas, a shanya a inuwa, a debi kamar karamin cokali daya zuwa biyu na busasshen a zuba a kofin tafasasshen ruwa a rufe minti 10, a tace a sha, sau daya ko biyu a rana. Gwaje-gwajen da aka ambata a sama ma 'yan giram kadan suka yi amfani da su a rana na kamar wata uku, saboda haka cika tukunya da ita a dafa har ruwan ya yi baki a rinka kwankwada a jarka ba shi da wani tushe, dacin ba shi ne karfin magani ba. A dafa na yini kawai, wanda ya kwana biyu a zafin nan namu ya fara tsami a zubar.

Wasu tana sa su ciwon ciki ko gudawa ko jiri. In haka ta faru a dakata, don gudawa tana busar da jiki kuma bushewar jiki ita ce babbar abokiyar tsakuwa.

An yi min sikanin an ce tsakuwar milimita kaza ce, zata fita da kanta?

Girman shi ne magana. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba mafi yawanci tana fita da kanta cikin 'yan makonni in ana shan ruwa sosai. Tsakanin 5 da 10 ana iya sa'a ana iya rashin sa'a, likita kan ba da wani magani mai sassauta bututun fitsari kamar Tamsulosin a jira a gani. Wadda ta haura milimita 10 da wuya ta fita, sai an fasa ta da na'ura ko an shiga da siririn bututu ko an yi aiki.

Inda hadarin yake shi ne tsakuwar da ta makale a bututu ta tare hanya, fitsari ya taru koda ta kumbura. Wani lokaci ciwon yakan lafa mutum ya dauka ciyawa ta yi aiki alhali dutsen na nan, kodar ce ta fara sarewa a shiru. Don haka lafawar ciwo ba shaida ba ce, shaidar ita ce ka ga tsakuwar ta fito ko a sake hoto a ga babu. In an yi sati hudu zuwa shida ba ta fita ba a koma wurin likita. Dabara daya: ka rinka fitsari a gwangwani ko ka tace da kyalle mai tsabta, in ta fito ka adana ka kai, sanin irinta yana taimakawa wajen hana ta dawowa.

Fitsari na yi min zafi, ina yawan zagayawa, mara na ciwo. Sanyi ne? Zata yi min?

Wannan kalma ta sanyi ta hadiye cututtuka da yawa. Zafin fitsari da yawan jin fitsari kadan-kadan da ciwon mara yawanci kwayar cuta ce ta shiga mafitsara, galibi irin wadda ke zaune a hanji, kuma mata sun fi samu saboda hanyar fitsarinsu gajeriya ce. Shan ruwa da shayin ciyawa yana iya rage zafin, wani lokaci mara karfin yakan wuce da kansa, amma in ya kai kwana biyu ba sauki a je a yi gwajin fitsari, in da hali irin wanda ake shuka kwayar a ga maganin da ke kashe ta, don yanzu da yawa daga cikin kwayoyin kemis da aka saba saya sun daina ci saboda shan barkatai. In an rubuta maka na kwana biyar ko bakwai ka shanye, kar ka tsaya a rana ta biyu don ka ji dama.

In namiji ne kuma akwai farin ruwa ko mugunya na fita daga gaba, ko mace mai fitar ruwa mai wari da kaikayi, wannan wani babi ne daban, ana duba miji da mata tare a yi musu magani tare, in ba haka ba a yi ta mayar wa juna. Geron tsuntsaye ba ya maganin wannan. Idan kuma zazzabi da rawar sanyi da ciwon kwibi suka shigo, cutar ta hau koda, duba tambayar lokacin da ake ajiye kofi a tafi asibiti.

Yarona yana fitsarin jini, kakarsa ta ce a dafa masa.

In jinin yana zuwa ne a karshen fitsari, digo-digo, yaron kuma yana wanka a kududdufi ko rafi ko dam ko yana shiga fadamar shinkafa, to kusan tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon kodi na ruwa ta huda fata ta shiga, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba kwai, kwan ne ke sa jinin. Ta yi yawa a yankunan noman rani da madatsun ruwa a Arewa da Nijar da kewayen tafkin Chadi, har a wasu kauyuka ana daukar ta kamar alamar balaga ga yaro namiji, alhali cuta ce da in ta dade tana toshe hanyar fitsari, ta lalata koda, tana ma iya kaiwa ga dajin mafitsara.

Maganinta Praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, yawanci sha daya, kuma ana rabawa kyauta a makarantu lokaci-lokaci. Ba ciyawar da ta kai shi a wannan. Babba kuma da ya ga jini a fitsari ba tare da ciwo ba, musamman dattijo ko mai shan taba, ko sau daya ne ya je a duba.

Likita ya ce kodata ta samu matsala, kiriyatinin ya hau, har ana maganar wankin koda. In gwada ciyawar kafin nan?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin asara. Duk abin da ka sha koda ce ke tace shi, wadda ta raunana ba ta iya fitar da sinadarai irin su fotashiyam da ke cikin dafaffen ganye da saiwa, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Sannan shawarar "sha ruwa da yawa" da ake ba mai tsakuwa, ga mai gazawar koda tana iya zama cuta, ruwan ya taru a kafa da huhu. Ba wani gwaji da ya nuna geron tsuntsaye yana dawo da kodar da ta lalace.

Kowa ya san dalilin da ke kai mutane can, wankin koda sau biyu ko uku a sati ba karamin kudi ba ne, iyalai sun sayar da gona da gida a kai, mutanen Gashuwa da kewaye a Yobe sun dade suna kuka da wannan ciwo. To mai cewa zai warkar da kai da jarka uku a daidai wannan lokacin yake samun kasuwa. Abin da ke jinkirta lalacewar a zahiri shi ne rike hawan jini da suga, rage gishiri da dunkulen miya, barin kwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da hadin kemis na gajiya, da zuwa asibitin koda a kan lokaci. Akwai sashen koda a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Maiduguri, da na Zariya da na Sakkwato. Kuma in ka riga ka sha wani abu ka fada wa likita gaskiya, ba don ya yi maka fada ba, don wata gazawar ta farat daya ce, in an gano abin da ya jawo aka daina koda tana iya farfadowa.

Mai ciki ko mai shayarwa fa? Da yara?

Mai ciki kar ta sha, ba a tabbatar da amincinta ga ciki ba, haka mai neman haihuwa da mai shayarwa gara su hakura. Abin da ya fi wannan ma, ciwon fitsari ga mai ciki ba abin jinkiri ba ne, yana saurin hawa koda kuma yana jawo nakuda kafin lokaci, shi yasa ake gwada fitsari a wurin awo ko mace ba ta jin komai. Akwai magungunan da suka dace da ciki, ma'aikatan awo sun san su. Yara kanana kuma ba a yi musu dure da ita, jariri mai zazzabi da kuka lokacin fitsari asibiti ake kai shi.

Ina shan maganin suga da na hawan jini, zan iya hadawa?

Ciyawar tana iya sauke suga da jini kadan, tana kuma kara fitsari, to in ta hadu da kwayoyin da ke yin wannan aikin abin zai iya yin yawa, mutum ya ji jiri, gumi, rawar jiki ko ya yanke jiki ya fadi. Mai shan maganin tsinka jini ma ya yi hattara, haka wanda aka sa wa ranar aiki ya daina kamar sati biyu kafin nan. In dai sai ka sha, likitanka ya sani, ka rinka auna suga da jini, kuma ko da wasa kar ka ajiye kwayoyinka ka ce ciyawa ta maye gurbinsu. Ka tuna suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe koda, ka fara yin gwajin da aka fada a tambayar ciwon baya.

Mai magani ya ce a hada da kanwa da wasu saiwoyi don ta fi karfi. Na kwalba mai lambar NAFDAC fa?

Kanwa yawancinta gishirin sodiyam ne, jika ta a rinka sha kullum yana tayar da hawan jini ya kara wa koda aiki, a bar ta a miyar kuka da kubewa inda ake sa dan kadan. Saiwoyin da ba a fada maka sunansu ba kuwa su ne abin tsoro, domin akwai tsirran da gubarsu koda take nufa kai tsaye. Dangin Aristolochia, wanda duman dutse yake cikinsu, suna da wani sinadari da ya lalata kodar mata sama da 100 a Beljiyam a farkon shekarun 1990 bayan an sa shi cikin maganin rage kiba bisa kuskure, wasunsu daga baya suka kamu da dajin hanyar fitsari. Na gargajiya ne, daga kasa ya fito, amma hakan bai hana ba. Zobo mara sukari ba laifi a matsayin abin sha, sai dai shi ma yana sauke jini, mai shan maganin hawan jini ya lura.

Lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya yawanci tana nufin an duba ba a ga guba a ciki ba ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, in ka karanta takardar jikin kwalbar da kyau za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance ikirarin ba. Kwalbar da aka jera mata cuta goma sha, daga basir zuwa koda zuwa karfin maza, ni dai ba zan saya ba.

Babanmu fitsari yana masa wuya, yana fita kadan-kadan, da dare ya tashi sau da yawa.

Ga namiji da ya haura 50 wannan yawanci kumburin furostet ne, wani kullutu da ke kewaye da hanyar fitsari a kasan mafitsara. Matsalar toshewa ce, to ba shi abin da ke kara fitsari ba zai bude hanya ba, mafitsara ce zata kara cika. A kai shi a duba, akwai kwayoyi masu taimakawa sosai. In fitsarin ya tsaya cak mara ta kumbura, a daren za a tafi a sa masa roba, ba a jira gari ya waye.

Yaushe zan ajiye kofin in tafi asibiti ba shiri?

Zazzabi da rawar sanyi tare da ciwon kwibi, musamman ga wanda aka san yana da tsakuwa, don toshewa da kwayar cuta in suka hadu suna iya kisa cikin kwana daya biyu. Fitsari ya tsaya ko ya ragu sosai yini guda. Amai da ya hana ruwa zama. Gudajin jini a fitsari. Kumburin fuska da kafa, numfashi sama-sama, shakuwa mara tsayawa ko rudewa. Mai koda daya, mai ciki da mai suga kuma su ba sa jiran alamun su taru, daya ta isa.

Ta fita Alhamdulillah. Me zan yi kar ta dawo, ga zafi ga azumi?

Tana dawowa kam, kusan rabin masu ita sukan sake yin wata cikin shekara 5 zuwa 10 in ba a canza komai ba. Babban maganin ruwa ne, kamar lita 3 a yini, wato leda shida ta fiya wata, a watannin Maris zuwa Mayu ko ga mai aikin rana fiye da haka, ma'aunin shi ne fitsari ya zama fari-fari ba ja kamar shayi ba. Matsa lemon tsami a ruwan yana taimakawa. A rage gishiri da dunkule, a rage lemon kwalba, nama da kayan ciki a yi daidai. Yawancin tsakuwa hadin kalsiyam ne da wani sinadari okzalet wanda yake da yawa a alayyahu, gyada da bakin shayi mai kauri, ba a ce a daina ba amma mai tsakuwa kar ya mayar da su na kullum. Nono da madara kuwa kar a bari, mutane suna jin kalsiyam sai su guje su, alhali cin su tare da abinci yana kama okzalet din tun a hanji ya hana shi isa koda.

Da azumi a raba ruwan tsakanin buda baki da sahur, kofi-kofi bayan magariba, bayan tarawihi, kafin barci da lokacin sahur, ba a dura shi lokaci daya ba. Mai son shayin geron tsuntsaye ya sha bayan buda baki, ba da sahur ba, don zai sa shi fitar da ruwan da yake bukata da rana. Wanda tsakuwa ke makale masa a bututu yanzu haka ko kodarsa ta raunana ya tambayi likitansa kafin watan ya kama ko zai iya azumin, ya kuma ji ta bakin malamai a kan ramuwa ko ciyarwa.